Farin Tabo a Hoton Inna

Maje, Suleja
3 ga Yuni

Yaya Safiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya aiki, ya zafin Sakkwato? Mu nan damina ta sauka, kowa lafiya, in ban da wadda na ɗauki biro saboda ita.

Na san sai kin juya ambulan ɗin nan kin sake duba sunan. Ni ce Lauratu tela, 'yar Inna Uwani mai masa ta Zuma. Kakarki Nafisa da kakata uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Rabonmu da haɗuwa tun bikin Yahaya a Kurmin Sarki, shekara goma sha ɗaya ke nan, ni ce na ɗinka miki rigar da kika ce hannunta ya matse ki. Tun daga ranar ban neme ki ba, yau kuma ga ni da buƙata. Kunyar wannan na ji ta har na gaji, ba sai kin tuna mini ba.

Inna ce ba lafiya. Tari take yi tun kafin azumi. Mun yi na kemis, mun yi zuma da citta, bai tsaya ba. Shekararta saba'in da biyu, sama da arba'in daga ciki ta yi su ne a gaban murhu a bakin titi tana shaƙar hayaƙi. Na ɗauko ta daga Zuma na dawo da ita ɗakina, na kai ta wurin likita, ya ce a yi hoton ƙirji.

Kin san Inna da taurin kai. Muka je wani ɗakin hoto a bayan kasuwa, aka rubuta sunanta, aka kira mu. Tana ganin na'urar ta ja ta tsaya. Wai ita ba za ta cire riga ta rungumi ƙarfe ba, an gaya mata wutar hoto tana busar da jini. Ma'aikaciyar wurin, wata Madam Bola, ta yi lallashi har ta gaji, tana ta cewa, "Mama no fear, ba zafi ko kaɗan." Inna ta ce mata, "In ba zafi, ke ki tsaya mana." Da na ga layi na ƙaruwa a bayanmu sai na ce to a fara da ni, ta ga ba zafi. Na cire ɗankunne da sarƙa, na manna ƙirji, na ja numfashi na riƙe, Inna na leƙe ta bakin ƙofa. Sai da ta ga na fito da ƙafata sannan ta yarda. Mun yi ta dariya a keke har gida, tun ranar kuma ban sake dariya ba.

Washegari likita ya ɗaga hoton ya duba. Ya ce Inna ta jira a waje. Ya nuna mini wani farin tabo a saman huhu, girmansa kamar goro. Ya ce a kai ta babban asibiti a Abuja, ya kuma ambaci ciwon daji.

Maigidana Mamman ne ya tuna mini da ke. Ya ce, "Ba kuna da likitar karanta hoto a dangi ba?" Ga hoton nan na sa a ambulan, na ba direban motar Sakkwato, Malam Auwal. Don girman Allah ki duba ki gaya mini gaskiya, ba irin maganar da likitoci ke naɗewa a leda ba. Kada ki kira waya. Inna na kwance a ɗakina, ba ta san komai ba, kuma duk gidan nan ba wanda ya kai ta kaifin kunne. Ki rubuto ki ba wannan direban.

Taki,
Lauratu


Sakkwato
8 ga Yuni

Ƙanwata Lauratu,

Wa alaikumus salam. Na same ki, na kuma tuna ki sarai. Rigar nan har yau tana akwati, kuma gaskiyarki ce a lokacin, hannuna ne ya yi ƙiba. Muna lafiya gaba ɗaya. Allah ya ba Inna Uwani lafiya, ya sa kaffara ne.

Na karanta wasiƙarki sau biyu, sai da na goge ido sannan na shiga da hoton ɗakin duhun da muke karanta hotuna. Bari in gaya miki yadda aikina yake don ki san nauyin maganata. Ni ba na ganin marar lafiya, inuwarsa kawai ake kawo mini. Abin da ke da iska yana fitowa baƙi, shi ya sa lafiyayyen huhu yake duhu. Abin da ke da tauri yana fitowa fari, kamar ƙashi da zuciya. Duk inda fari ya zauna a wurin da ya kamata a ga baƙi, can idona ke tsayawa. A rana nakan karanta hoto saba'in ko tamanin, har ya kai idona kan riga tunanina. Ina ɗora hoto a kan fitila, kafin in gama zama, na riga na ji a jikina ko lafiya ko ba lafiya ba.

Wannan ina ɗora shi na gan shi. Tabon yana saman huhun dama. Gefensa ba sumul yake ba, yana da 'yan ƙafafu da suka miƙa cikin huhun, kuma wannan ba alamar da muke so ba ce. Kin ce kada in naɗe miki magana. A mace mai shekara saba'in da biyu, mai tari wata uku, wadda ta sha hayaƙi rabin rayuwarta, abin da muke fara tsoro shi ne abin da likitanku ya faɗa. Tarin tibi ma yakan yi kama da haka, kuma shi yana warkewa. Hoto ɗaya ba ya raba su.

Ga abin yi. A gwada kakinta don neman tibi, ana yi a nan Suleja. Sannan a Abuja za su yi mata babban hoto da ake kira siti-sikan, inda ake kwantar da mutum a tura shi cikin na'ura, a ga huhun yanki-yanki. Ki je ki karɓi rana tun yanzu, layinsu dogo ne.

Abu ɗaya mai daɗi zan gaya miki. Allah ya ba Inna ƙashi mai kyau, ƙirjinta ya fi shekarunta ƙuruciya nesa ba kusa ba. In an zo magani wannan zai taimake ta.

Na riƙe hoton zan nuna wa abokin aikina. Ki ci abinci, mai jinya ma jiki ne da ita.

Yayarki,
Safiya


Maje
16 ga Yuni

Yaya Safiya,

Sallama da gaisuwa. Na gode, Allah ya saka da alheri. Ki gaida yara.

An gwada kakin, ba tibi. Ma'aikacin ya miƙo mini takardar yana murmushi wai albishir, ni kuwa na ji kamar in zauna a ƙasa. Ban taɓa zaton zan roƙi Allah ya sa uwata na da tibi ba, amma kwana biyar na yi ina roƙon haka. Yanzu ɗayan ne ya rage. Abuja sun ba mu tara ga Yuli.

Inna ta sani. Ba wanda ya gaya mata, a fuskata ta karanta. Shekaranjiya ta aika Zuma aka ba maƙwabciyarta tandarta, tandar da ko ni ba ta bari in wanke. Ta sa an kira mata mutanen da suka yi shekara ashirin ba sa magana tana neman gafararsu. Abinci sai cokali biyu ta ture kwano. Ta ce ba inda za ta, ba za a kai ta Abuja a yanka ba, a bar ta ta cika a ɗaki kamar uwarta.

Jiya kuma ta buɗe ƙullinta ta fito da farin yadi, ta ajiye a kan keken ɗinkina. Ta ce, "Ke ce tela. Ki yanka tun ina gani, ba na son aikin gaggawa." Na ce Inna wallahi ba zan taɓa shi ba. Ta ce, "To zai jira ki." Yana nan a kan keken, na kasa ɗauke shi, na kasa aiki. Jannatu, 'yata mai shekara shida, ta tambaye ni ko rigar sallah ce.

Kin ce in ci abinci. Ina ci, ba ya zama ne. Sau biyu ke nan ina rage wa rigunana, masu kawo ɗinki sai cewa suke jinya ta cinye ni. Kafaɗata ta dama ma ta dame ni, taka keke ne da ɗaga Inna. Wannan duk ba komai ba ne.

Ki dawo mini da hoton, sun ce in zo da shi. Kuma ki gaya mini, wata nawa? Na san kun sani, ba kwa faɗa ne.

Lauratu


Sakkwato
20 ga Yuni

Lauratu,

Gaisuwa. Muna lafiya, Allah ya ƙara wa Inna sauƙi.

Ba zan dawo da hoton yanzu ba. Na sake ɗora shi zan sa a ambulan, sai wani abu ya hana ni, kuma ba na son in faɗe shi kafin in tabbatar. Ki amsa mini waɗannan daidai, kada ki yi ƙiyasi.

Inna ta taɓa karaya a ƙirji, kafaɗa ko haƙarƙari? Ko da tun tana yarinya ne, ko da ba a je asibiti ba. Bayanta a miƙe yake ko ya fara ranƙwafawa? An taɓa yi mata wani hoton ƙirji kafin wannan, a ko'ina? In akwai, ki nemo shi ko a ƙasan akwati yake.

Maganar wata nawa, ban sani ba, kuma duk wanda ya gaya miki daga wannan hoton ƙarya yake yi. Ki amsa da wuri.

Safiya


Maje
30 ga Yuni

Yaya Safiya,

Ina gaisuwa, don an koya mini gaisuwa.

Takardarki ta iso jiya. Motar Malam Auwal ta lalace a Kontagora, ambulan ɗin ya yi kwana tara a gaban mota. Kwana tara ina zuwa tasha kullum kamar mai neman aiki. Na buɗe ina zaton magani kika rubuto, ko sunan wani likita, ko dai wata kalma da zan riƙe. Sai na tarar da tambayoyi irin na fom ɗin makaranta.

Uwata na narkewa a gabana kina tambayata ƙashi? Ba ki ce ya Inna ta kwana ba, ba ki ce komai kan farin yadin ba. Na gane. Mu dangin nesa ne, kuma hoton Inna ya zama abin da za ki nuna wa ɗalibanki. In kin ga wani abu da ya fi na farko muni, ki faɗa. Ni ba yarinya ba ce, shekarata talatin da bakwai, na binne uba na binne ɗa.

Ga amsoshinki. E, ta karye. Shekara takwas ke nan, ɗan acaba ya kayar da ita a Zuma da bokitin ƙullu a cinya. Ƙashin nan na gaba ne, wanda ya taso daga wuya zuwa kafaɗa, ɓangaren hagu. Ba a je asibiti ba, wani maɗori a Kurmin Sarki ne ya ɗora ta. Ya warke amma ya bar ƙulli, ana ganinsa ta cikin riga. Ni nake mata ɗinki, kullum sai na saki wuyan rigar ta hagu don kada ya goge ta. Bayanta ya ranƙwafa tun tuni, wa zai yi shekara arba'in a kan tanda bayansa ya miƙe? Ba a taɓa yi mata hoto ba sai wannan, ai na ba ki labarin yadda aka sha fama da ita.

Yanzu ko zama ba ta son yi. Ba tarin ne ya kwantar da ita ba, tarin ma ya ɗan lafa tun da ta bar murhu. Ta sallama ne kawai. Mamman ya durƙusa ya roƙe ta kan zuwa Abuja, ta juya masa baya. Saura kwana tara, ba ni da hoto, ba ni da marar lafiyar da za ta yarda ta shiga mota.

In ba za ki taimake ni ba, ki dawo mini da kayana.

Lauratu


Sakkwato
2 ga Yuli

Ƙanwata Lauratu,

Assalamu alaikum. Faɗanki ya iso, kuma na cancanci fiye da rabinsa. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba, inda Inna ba ta ganin fuskarki.

Hoton da kika aiko mini ba na Inna ba ne.

Ƙashi ba ya manta karaya. Wanda maɗori ya ɗora ya bar ƙullin da ake gani ta cikin riga, a hoto sai ya fi komai fitowa. A wannan hoton ƙasusuwan kafaɗa biyun sumul suke, ba wanda ya taɓa karyewa. Ƙashin baya a miƙe yake. Ƙashin tsohuwa yakan yi shara-shara a hoto, wannan cike yake. Babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya takan yi tauri ta lanƙwashe da shekaru, wannan ba ta fara ba. Sunan Inna ne a kusurwa, da shekara saba'in da biyu, amma ƙirjin na mace ne da ba ta kai arba'in ba.

Na ga wannan tun ranar farko. Har na rubuta miki da hannuna cewa ƙirjinta ya fi shekarunta ƙuruciya, na mayar da shi abin yi miki albishir. Malamin da ya koya mini aiki yakan hana mu karanta takardar marar lafiya kafin mu duba hoto, don abin da aka gaya wa ido shi yake nema. Shekara goma sha huɗu ina bin wannan. Ranar da wasiƙarki ta zo na karya shi. Na karanta, na yi kuka, na shiga ɗakin duhu da tsohuwa mai tari a kaina, na kuwa gan ta. Kuskure na biyu shi ne wanda muke gargaɗin ɗalibai a kansa kullum: in ka sami abu ɗaya babba, sai idonka ya ƙoshi ya daina nema. Ƙa'ida ita ce a bi kusurwoyi, bayan zuciya, ƙasan huhu, sannan ƙashi ɗaya bayan ɗaya. Na sami tabon na tsaya. Sai ranar da zan mayar miki da shi, na ɗora shi ba tare da tunanin kowa ba, a kallon farko na ji zuciyata ta ce wannan ai yarinya ce.

Da amsarki ta zo na koma wasiƙarki ta farko. Kin rubuta cewa kin ce a fara da ke. Na ɗauka tsayawa kawai kika yi don Inna ta gani. Amma kin ce kin cire ɗankunne da sarƙa, kin ja numfashi kin riƙe. Ba a sa mutum ya yi haka sai za a ɗauka da gaske. Lauratu, hoto nawa aka ba ki ranar? In biyu ne, ina ɗayan, kuma wa ya ce wannan ne na Inna?

Na kuma sake karanta inda kika ce kin rage wa rigunanki sau biyu, da kafaɗarki ta dama. Tabon a dama yake.

Yanzu ki saurare ni da kyau, kada ki yi abin da Inna ta yi. Duk abin da na faɗa a baya na faɗe shi ne kan mai shekara saba'in da biyu. A mai talatin da bakwai lissafin ya juya. Tibi ya dawo gaba, don kakin Inna aka gwada, ba naki ba. Akwai wasu ƙulle-ƙulle ma da ba daji ba. Ba zan ce miki ɗayan ya fita ba, gefen tabon bai canja ba don sunan ya canja. Wata guda muka ɓata, kuma ina da hannu a ciki.

Gobe ki kai kakinki. Ranar tara ga wata ke za ki shiga na'urar. Na yi magana da wani abokin karatuna a asibitin, Dakta Isma'il, zai gyara sunan, zai kuma duba Inna. Ki tafi da hotunan biyu, ga wannan na dawo da shi. Na ɗaga waya sau uku na ajiye, na tuna kunnen Inna. In kin karanta ki fita waje ki kira ni.

Ba hoton ɗalibai ba ne. Ban nuna wa kowa ba sai mutum ɗaya.

Yayarki,
Safiya


Maje
10 ga Yuli

Yaya Safiya,

In ba ki riga kin duba faifan siti-sikan ɗin da na aiko miki ba, ki ajiye wannan takarda ki je ki duba. Da gangan na liƙe ta a ambulan dabam. Ba na son ki shiga ɗakin duhu da ni a kanki.

To, yanzu assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma neman gafararki kan abin da na rubuta. Ban kira ba don na san in na ji muryarki ba zan iya tsayuwa ba.

Biyu ne. Madam Bola ta ce na'urar ba ta ɗauka sai da suna, kuma na Inna ne a ciki, ga layi, sai ta ɗauke mu duka a kansa. Ta ba ni su a ambulan ɗaya, ta ce in gaya wa likita na farko nawa ne. Kafin mu isa gida Inna ta zaro su a keke tana juyawa, wai tana neman inda jinin ya bushe. Da na zo tafiya wurin likita sai na ɗaga su a taga. Ɗaya na da farin tabo, ɗaya ban ga komai ba. Ban yi tunanin minti ɗaya ba. Wa ke tari? Na ɗauki mai tabon na ce na Inna, ɗayan na jefa ƙasan akwatin yadi. Ba wanda ya ruɗe ni, Yaya, ni na zaɓa da hannuna. Ni da mace ke shigowa shagona in faɗi awonta kafin in ɗauko tef, na kasa gane ƙirjina.

Ranar da takardarki ta zo na karanta ta a bayan gida a tsaye. Na shiga ɗaki na zazzage akwatin. Na ɗaga hoton a taga, ga ƙullin ƙashin nan, ko ni da ban yi karatunku ba na gan shi. Inna na kwance tana kallona. Na ce, "Inna, tashi, an yi kuskure. Wannan ne naki, ba tabo a ciki." Na kai mata. Ta kalli hoton, ta kai hannu ta shafa kafaɗarta ta hagu, ta sake kallo. Na ga murna ta fara zuwa fuskarta, ba ta ƙarasa ba.

Ta ce, "To mai tabon fa, na wane ne?"

Ta kalli wuyana, ta kalli hannun rigata. Sai ta tashi zaune, ita da ta yi kwana goma sai an ɗaga ta. Ta sauko ta je kan keken ta ɗauke farin yadin ta fita da shi. Har yau ban san inda ta kai shi ba. Da na tambaya cewa ta yi ba zai ƙara zama ɗaki ɗaya da ni ba. Ta aika a karɓo mata tandarta, ta ci tuwo malmala biyu, ta hau ni da faɗa wai ina ramewa a gabanta ban faɗa ba. Mamman kuwa ya zauna a bakin ƙofa ya riƙe kai, ya ce shi ne mai kwana da tashi da ni, bai gani ba.

Na kai kakina, sun ce bai isa ba in sake kawowa, don ni ba na tari sosai. Dakta Isma'il ya duba hoton Inna ya ce hayaƙi ne ya cinye mata hanyoyin iska, ya ba ta magani da abin shaƙa, ya hana ta murhu. Ta ce masa to, da irin muryar da kika sani.

Ina tsoro, Yaya. Lokacin da nake zaton na Inna ne ina kuka amma ina da ƙarfi. Yanzu ba kuka, ba ƙarfi. In na ga Jannatu tana wasa sai in kama kaina ina lissafin shekarar da za ta gama firamare. Jiya na tsinci hannuna yana sakin kalmasar rigunanta tun ba su matse ta ba.

Jiya aka yi hoton. Inna ce ta riga kowa shiga mota. Da aka kira sunana na shiga, na ga gadon da ramin da za a tura ni ciki, ƙafata ta ƙi gaba. Na tsaya na riƙe ƙofa kamar ƙaramar yarinya. Ma'aikacin ya ce, "Madam, minti biyar ne, akwai mutane a bayanki." Na ji shi, na kasa.

Sai na ji an ture ni gefe. Inna ce. Ta riga ta cire ɗankunnenta tana riƙe da su a tafin hannu, tana ƙoƙarin kwance ɗankwali. Ma'aikacin ya ce, "Mama, ba ke ba ce." Ko kallonsa ba ta yi ba.

Ta ce, "A fara da ni, ta ga ba zafi."

Na hau gadon, Yaya. Na ja numfashi na riƙe.

Sun ce sakamako sai mako mai zuwa, na roƙi faifan na ce ina da mai duba mini. Sunana ne a kai, na karanta sau uku. Kin riga kin gani yanzu. Ki bi kusurwoyin, ki bi ƙashin ɗaya bayan ɗaya, sannan ki kira ni. Ba sauran abin ɓoyewa a ɗakin nan, Inna ta ce a sa wayar a tsakiya.

Ƙanwarki,
Lauratu